Takalman Tebur

Mushe Almoustapha ya durƙusa da awonsa a gindin tebur na farko, ya daɗe bai ɗago ba. Shi ne jami'in da aka turo ya karɓi tebur sittin na lakwal, wato makarantar boko, da Alƙasum mai walda ya ƙera. In bai sa hannu ba, za a cire sunan Alƙasum daga masu samun aikin hukuma a Tawa.

"Malam Alƙasum, mi ne ne wanga?"

"Takalmi ne, mushe."

Faranti ne na ƙarfe, faɗin tafin hannu, da ya liƙa a ƙarƙashin kowace ƙafa. Madam Kaltumi ce ta roƙe shi, shugabar wata lakwal da ke bayan Barmu. Azuzuwanta rumfunan kara ne a kan rairayi. Teburan bara duk sun nutse, yara na rubutu a karkace kamar masu tallar miya. Ga ta nan tsaye bakin garejin Alƙasum, ta biyo motar kasuwa tun da safe don ta ga kayanta.

Almoustapha ya zaro wasu takardu, ya buga su a tafinsa. "Ba ya cikin kaye de sharji."

Wata uku ke nan Alƙasum yana jin wannan suna a ofishin hukuma, bai taɓa tambaya ba don kunya. Yau haushi ya kore kunyar.

"Don Allah mushe, mi yake nuhi da Hausa?"

Mushe kuwa yana son a tambaye shi. Ya gyara tabarau ya ce Faransanci ne. Kaye littafi, sharji kuma kaya, wato nauyin da aka ɗora maka. Tun zamanin Nasara ake kiransa haka. Tsawo, faɗi, kaurin ƙarfe, launin fenti, komai a rubuce, ba ƙari ba ragi.

"Wanda ya rubuta shi ya taɓa zuwa Barmu?"

"A Yamai anka rubuta shi."

"Mushe, ajinmu babu siminti," in ji Kaltumi.

Ya buɗe shafi na bakwai ya nuna mata da biro. "Ga shi nan, madam: za a aje teburan bisa daɓen siminti."

"To ina daɓen?"

"Wannan wani kaye ne daban. Ba ni ad da shi ba."

Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona rai ke nan. Har cewa ya yi dabarar ta burge shi. Amma masu bincike za su zo bayansa, kuma shi ma yana da iyali.

Alƙasum ya dubi aikinsa. Kwana tara ya yi yana yanka farantan nan, ba abin da ya sa shi sai tausayi. Ya jona injin yanka, ya kifa tebur na farko.

Har la'asar yana yanke takalman, suna zuba ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Almoustapha ya sake aunawa, ya sa hannu, ya yaba kyan aiki, ya hau babur ɗinsa.

Da Alƙasum ya juyo, sai ya ga Kaltumi a tsugune tana tsince farantan, tana zubawa a buhun siminti da ta samo a shara.

"Madam, mi za ki yi da su?"

"Yara su riƙa turawa ƙarƙashin ƙafafun da hannu kowace safiya." Ta ɗaure bakin buhun. "Ko shi ma akwai shafin da ya hana?"