Farin Haƙarƙari a Jikin Kada

Wani tsoho ne mai gyaran tangaran. Babban abin alfaharinsa shi ne ya haɗa fasasshen kwano, mai shi ya yi ta juya shi ya kasa gano inda ya tsage.

Autarsa ce ta kawo shi aiki gidan tarihi. Ita da abokan aikinta suka tono wani kada a gindin tsauni, inda yau ko rijiya ba ta kawo ruwa. Ƙasusuwansa sun zama dutse tun kafin mutum ya taka ƙasa, ga ƙayar kifin da ya haɗiye a cikinsa, shaidar cewa a da kogi ne a wurin. Sai dai haƙarƙarinsa na hagu rabi ya ɓace, sai ta nemi babanta ya ƙera madadinsa da farin siminti, wato filasta.

Ya ƙera, ya dama fenti har ya samo launin tsohon dutsen, ya bi da allura yana zana tsaga irin ta asali. Da ya gama ya kira ta.

"Auta, nuna mini nawa a ciki."

Ta sunkuya, ta duba, ta shafa. "Na kasa, Baba."

"Duk bokon naki?" in ji shi, yana dariya.

"Shi ya sa za ka mayar da naka fari fat. Haka ake yi, don mai kallo ya san wanda ƙasa ta ba mu da wanda muka yi hasashe."

Dariyar ta ɗauke. "In ɓata aikin da ban taɓa yin kamarsa ba?"

"In wani ya auna naka ya rubuta cewa na kada ne, ƙarya ta shiga ilimi, kuma da sunana za ta shiga."

Ta fita ta bar shi da gwangwanin farin fenti. Tsawon rayuwarsa yana ɓoye tsaga, bai taɓa ɗaukar hakan ƙarya ba. Amma mai kwano ya san kwanonsa ya fashe, shi ya kawo shi da hannunsa. Wanda zai zo kallon kada bai san komai ba, abin da aka nuna masa zai gaskata. Ya tsoma buroshi. Ƙashin farko ya fi ci masa rai.

Ranar da aka buɗe zauren yana tsaye gefe cikin sabuwar riga. Wata mata ta tsaya gaban kadan, ta taɓa mijinta.

"Ka ga fararen nan? Hannu ne ya yi su. Dubi yadda suka zauna daidai da sauran. Ko waye wannan gwanin?"

Tun da yake, ba a taɓa ganin aikinsa ba sai yau. Ya gyara murya ya matso.

"Ni ne, baiwar Allah. Sauran kuma, na gasken, 'yata ce ta tono su. Ga ta can, mai tabarau."