Koren Ganiyu Mai Gilashi

Ganiyu na tsaye a rumfar masu bugun riguna tun da hantsi, hannu a ƙugu, yana koya wa mutanen da suka gaji sana'ar daga kakanninsu yadda ake yin ta.

"A ƙara shuni, Malam Goni. So nake mutum ya ga fuskarsa a jikin rigar nan."

Malam Goni, tsohon da ke da rumfar, bai ɗago kai ba. Ya barbaɗa garin shuni, ya ci gaba da dukan rigar a kan gungumen itace har ta ɗauki sheƙi.

"Ta ƙoshi fa," in ji shi. "Yanzu duk abin da ka taɓa sai ya ba da shaidarka."

"Ai abin da nake nema ke nan."

A Fagge aka haifi Ganiyu, kuma Hausarsa ta fi Yarabancinsa kyau, amma har yau in an zo neman mai sa gilashin taga sai a ce a je wajen Bayaraben nan. Abin yana ci masa rai, ko da yake dariya yake yi. Shi ya sa ya ɗinka kore, baƙar riga irin ta manyan birni, ya ajiye ta don wannan Asabar, ranar da abokinsa Celestine zai aurar da 'yarsa Chinyere a Sabon Gari. Abotarsu ta fara ne bayan rikicin ƙabilanci na shekarar hamsin da uku, lokacin da Ganiyu ya tsallaka da gilashi a keke ya mayar wa kantin Celestine tagoginsa, alhali mutane ba su gama sakin jiki da juna ba.

Da ya sa rigar a gida, matarsa Risikat ta dube shi sama da ƙasa.

"Baban Moshood, ba kai za ka ɗauki kek ɗin amarya ba?"

"Ni ne."

"A cikin wannan?"

"Ke dai ba ki san ado ba," in ji shi. Ya fita yana ƙamshin shuni, yana tafiya a hankali don Fagge ta samu damar kallo. Ta kuwa kalla, domin mu 'yan Fagge ba ma barin abin kallo ya wuce a banza.

Monica, matar Celestine, ita ta roƙe shi ɗaukar kek ɗin. Mota za ta girgiza shi a ramukan titi, kuma duk Sabon Gari an san Ganiyu bai taɓa fasa gilashin mutum a hanya ba. Ya same ta a kicin ita kaɗai, sauran duk suna coci. Kek ɗin na kan katako, hawa uku, ta lulluɓe shi da farin sukari ta goge shi da wuƙa har ya daskare yana sheƙi kamar tangaran. Ba ta taɓa yin mai girmansa ba, kuma sukarin da ta saya a kanti ya ƙare ƙaf a kansa.

"Malam Ganiyu, yau sarauta aka ba ka?"

"Kusan haka, Maman Chinyere."

Ya naɗe hannayen rigar a kafaɗa yadda ya ga manya suna yi, ya sunkuya ya kama katakon. Su manya ba sa sunkuyawa ɗaukar kaya, wannan ne bai lura da shi ba. Hannun rigar na dama ya zame, ya sauko a hankali, ya shafi kek ɗin tun daga hawa na biyu har ƙasa.

Ya bar shuɗin layi, faɗinsa ya kai tafin hannu.

Monica ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna a kan turmi ta rufe baki da gefen zanenta, idanunta suka cika. Kunya ta kama Ganiyu irin wadda bai taɓa ji ba. Ya tuna Malam Goni, ya tuna Risikat. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho.

"Bari in goge," ya ce, ya miƙa hannu.

"Kada ka taɓa. Dubi yatsunka."

Ya duba. Shuɗi ne har wuyan hannu.

Ta tashi ta tsoma wuƙa a ruwan zafi, ta kankare wurin a hankali tana jawo sukarin gefe tana rufewa. Inda ya yi siriri har kek ɗin ya leƙo, ta ciro furannin sukari daga sama ta jera a kai. Bai koma yadda yake ba, amma sai wanda ya sani zai gane. Ƙararrawar coci ta fara kaɗawa.

"Sun kusa fitowa," in ji ta. "Ba ni da wani mai hannu irin naka. Amma rigar nan ba za ta sake kusantar kek ɗin 'yata ba. Ka zaɓa."

Ganiyu ya dubi rigar da ya yi watanni yana mafarkinta. Ya cire ta, ya rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin. Monica ta zuba masa ruwa ya wanke hannu da sabulu har fatar ta yi zafi, sannan ta naɗe masa su da tsumma mai tsabta.

Haka ya ratsa Sabon Gari zuwa zauren makarantar mishan, daga shi sai wando da tsohuwar singileti mai huji a ciki, wuya da kafaɗu sun rine shuɗi, zufa na gangarowa tana zana masa layi. Masu kanti suka fito bakin ƙofa. Wata mai tuyan ƙosai ta tambaye shi ko rijiyar marina ya faɗa. Shi dai idonsa na kan kek ɗin, yana cewa a ransa: to Ganiyu, ka roƙi Allah a kalle ka, ga shi an amsa.

Ya sauke shi a kan tebur ko fure ɗaya bai motsa ba. Ya juya zai sulale ta ƙofar baya, sai ga Celestine cikin farar kwat, mai hoto na biye da shi da akwatinsa mai ƙafa uku. Monica ta riga shi isowa, har ta raɗa wa mijinta abin da ya faru.

"Ina za ka? Zo mu shiga hoto."

"A haka? Ka rufa mini asiri, Celestine. Kuma kada ka taɓa ni, zan ɓata maka kwat."

"Ka ɓata," in ji Celestine. Ya ɗora hannu a kafaɗarsa ya jawo shi gefen amarya, hannun kwat ɗin ya ɗauki shuɗi nan take. Chinyere na dariya har mayafinta na rawa.

Mai hoto ya shige cikin baƙin ƙyallensa. Celestine ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya juyo ba, "In ya fito kai za ka yanka masa gilashi. A kanti zan rataye shi, inda kowa zai gani."

Ganiyu ya tuna rigarsa can a bayan ƙofa, tana ta sheƙi, ba mai kallonta sai kajin Monica. Ya ɗan rufe hujin singiletin da hannu.

"Ƙarami dai za a wanke, ko?"

"Babba," in ji Celestine.