Kai Ma Ka Zama Kallamu?

Mutane suna cewa rikicin sittin da shida ne ya ci yayana Datti. Ni ma haka nake faɗa in an tambaye ni a cikin jama'a, domin amsa ce da ba ta jawo wata tambaya. Amma na san bakina yana da hannu a ciki, kuma yau zan faɗi yadda aka yi.

Mu mutanen Kura ne, albasa muke sayarwa a Kasuwar Ochanja ta Onitsha. Shekara goma sha ɗaya muka yi a can. Kayan suna sauko mana ta kogi daga Yawuri, mu sauke, mu kasa. Datti ya girme ni da shekara shida, amma in ka gan mu a rumfa za ka ɗauka ni ne babba, don ni ke da murya da faɗa. Shi kuwa ko akuya ce ta ci masa albasa, sai ya tsaya ya ji uzurin mai ita.

A bayan rumfarmu akwai wani Ibo mai suna Ofodile, yana da ɗan shagon buga takardu. A Nguru aka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, saboda haka yana jin Hausa kamar jakin Kano. Yakan rubuta ƙananan littattafan labari da Turanci, irin waɗanda ake kasawa a tabarma a Babbar Kasuwa. Wata rana bayan la'asar ya zo da sabo, yana ta murna, ya zauna a kan buhu ya ce ya saka Bahaushe a cikin labarinsa, zai karanta mana yana juyawa da Hausa.

Bahaushen nan sunansa Malam Kallamu, falken shanu ne. Halinsa guda ne daga farkon littafin har ƙarshe. Duk wanda ya zo masa da magana, ko wane ne, sai ya ce, "Zauna in ji." Wata mai sayar da kifi ta ce masa kada ya shayar da shanu a wani rafi, ya zaunar da ita ya ji dalili, ya bi wata hanya. Ya haɗu da wani fasto a mota, suka yi ta muhawara har Makurɗi, kowa ya sauka da addininsa, amma suka raba ayaba. Har ɓarawon da ya sace masa maraƙi sai da ya zaunar ya saurara.

Datti ya yi ta dariya yana tafa hannu, yana cewa a maimaita masa wurin faston. Ni kuwa raina ne ya ɓaci. A wurinmu in mutum ya saka ka a waƙa, ko dai yabo ne ko zambo, kuma ban ga yabo a nan ba. Na ce wa Ofodile, "Wato mu haka muke a idonku? Mutumin da ba shi da ra'ayi, mai kifi ma ta juya shi?"

Ya ce, "Haba Malam Ma'aruf, ai shi ne mai wayon littafin. Shi kaɗai ya isa gida da shanunsa cif."

Na ce ya riƙe wayonsa. Washegari na ba da labarin a masallacin zango ta yadda na ga dama, na ƙara gishiri. Kafin mako ya zagayo sunan ya kama. Wanda matarsa ta canza masa shawara, Kallamu. Wanda dillali ya yi wa daɗin baki ya karya farashi, Kallamu. Suna ne da ba wanda yake so a liƙa masa, kuma ni na mayar da shi haka.

Da al'amura suka soma lalacewa a shekarar nan, muka tura iyali gida tun da damina, matata Kubura da Sa'a matar Datti da yaran. Muka tsaya mu ƙarasa sayar da kaya. Sai ga labarin kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwanmu na Arewa. Motoci suka riƙa shigowa Onitsha da mutane, wasu da rauni, wasu ba ko takalmi. Ƙanwar Ofodile ta dawo daga Kano ba miji, da ɗa guda cikin uku. Ya rufe shago kwana huɗu. Datti ya je ya yi masa gaisuwa. Ni ban je ba, na ce wanda aka yi wa haka ba gaisuwa yake nema a wurinmu ba.

Sannan aka ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya bar yankin. Manyan zango suka samo manyan motoci uku da za su bi da mu ta Enugu zuwa Makurɗi. Ranar tafiya, da hantsi, muna tsaye a filin gaban masallaci kowa da ƙunshinsa, sai ga Ofodile a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ratsa mutane kai tsaye ya zo wurinmu.

Ya ce, "Malam Datti, Malam Ma'aruf, kada ku hau motar nan. Akwai samari da suka tare hanya a gaba, na ji da kunnena a wurin masu kawo mini takarda. Surukina yana da kwale-kwale a bakin kogi, zai haura da ku Idah. Daga can kun shiga ƙasarku. Zai ɗauki mutum bakwai."

Datti ya ajiye ƙunshinsa a ƙasa. Ya ce, "A ina suka tare? Jiya ka ji ko yau?"

Ni kuwa abin da na gani daban ne. Na ga mutumin da aka kashe wa mijin ƙanwa da 'ya'yanta biyu, yana kiran mu tsakiyar ruwa, mu da ba mu iya iyo ba. Na ga mota cike da 'yan uwa a gefe guda, kwale-kwalen baƙo a ɗaya gefen. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko a shekara goma sha ɗaya mutumin nan ya taɓa yi mana ƙarya.

Na ce, "Yaya, ɗauki kayanka mu tafi."

Ya ce, "Dakata mana, Ma'aruf. Mu ji shi tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Ofodile ya kama hannuna, ya koma Turancin kasuwa kamar yadda yake yi in ransa ya tashi. "Abeg, my broda, hear me small." Wato in daure in saurare shi kaɗan. Na fizge hannuna.

Mutane sun kewaye mu suna kallo. Na san Datti sarai. Na san in aka bar shi ya ƙara tambaya biyu zai bi mutumin nan, kuma na san abu guda da ba ya iya ɗauka shi ne a yi masa dariya a gaban jama'a. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To, kai ma ka zama Kallamu ke nan?"

Aka kwashe da dariya. A ranar da kowa cikinsa ya ɗuri ruwa, mutane suna neman abin dariya ko yaya yake, sai ga shi na ba su. Wani daga saman mota ya ce, "Zauna in ji!" Aka sake fashewa. Datti ya dube ni. Dattijo ne mai furfura a gemu, ƙaninsa ya tsinka shi a fili. Ya sunkuya ya ɗauki ƙunshinsa. Ya juya ya ce wa Ofodile, "Mun gode. Allah ya saka da alheri." Ya hau mota.

Hammadu mahauci da wasu mutum huɗu suka zame daga cikin taron suka bi keken a ƙafa. Na ga tafiyarsu, har na ce a raina Allah ya jiƙan su.

A mota Datti ya tura ni ciki, wurin da tamfol ya rufe, don ya san rana tana sa ni jiri. Shi ya zauna a baya, bakin ƙofa. Bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, da ya miƙo mini butar ruwa.

Bayan azahar, a wani daji da ban san sunansa ba, muka tarar an gitta itace a hanya. Motar farko ta riga ta wuce, tamu aka tsayar. Samari ne da adduna da sanduna, wasu suna kuka suna kiran sunayen mutanensu da aka kashe a Arewa. Suka buɗe ƙofar baya suka fara janyo waɗanda ke kusa. Sun sauke mutum tara sai direba ya ga sarari ta gefen itacen, ya taka mota da ƙarfi. Ta ɓular tamfol na hango Datti a tsaye a bakin hanya, ya buɗe hannuwansa biyu yana yi musu magana. Na tabbata cewa yake su tsaya su ji. Na buga jikin mota, na yi ihu, mutane suka danne ni. Ko gawarsa ba mu samu ba.

Kwana uku muka yi kafin mu isa Kura. Aka yi zaman makoki ba tare da jana'iza ba. Sa'a ta shiga takaba. Ran nan na shiga gaishe ta, tana zaune a bayan labule, ta ce, "Ma'aruf, don Allah, ba wata hanya sai wannan?"

Na ce, "Babu. Kowa ita ya bi."

Ta ce, "To, haka Allah ya rubuta." Ta yi mini godiya da na kasance tare da shi har ƙarshe. Na fito na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Ranar sadakar bakwai, muna zaune a zaure, sai ga sallama. Hammadu mahauci ne, ya rame amma lafiyarsa ƙalau. Ya ji labari a Kano ya zo ta'aziyya. Bayan an yi addu'a ya nemi a kai shi ya gaisa da matar mamaci. Ni na raka shi. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya yi gaisuwa. Hammadu mutum ne mai zuciya ɗaya, bai san abin da na faɗa mata ba, yana ganin yana faɗin alherin da aka yi wa mijinta ne.

Ya ce, "Mutumin nan mai littafi ya so Malam Datti ƙwarai. Mu biyar muka shiga kwale-kwalen, ya hana a cika. Ya ce wuri biyu na Datti ne da ƙaninsa, ko za su sake shawara su sauka a hanya. Surukinsa yana ta faɗa, shi yana tsaye a ruwa har gwiwa ya riƙe igiya. Sai da rana ta take sannan ya saki. Da wuri biyun nan a buɗe muka isa Idah."

Labulen bai motsa ba. Can sai muryar Sa'a ta fito, a hankali.

"Wane kwale-kwale, Ma'aruf?"

Hammadu ya juyo ya dube ni. 

Ta ce, "Shi ya ƙi, ko kai?"

Na ce, "Ni ne."

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma yi kuka na ji ba. Ta ce wa Hammadu ta gode, Allah ya ba da lada. Sa'a ta yi shekara ashirin da uku a gidanmu bayan wannan rana, ta aurar da 'ya'yan Datti duka, kullum da safe in na gaishe ta tana amsawa. Amma ba ta sake tambayata komai ba har ta rasu.