Yaya Ya Cika Sittin

Auta ba ta san lokacin da ƙafarta ta kai kan birkin ba. Motar ta yi ƙara ta tsaya cak, wata babbar motar kaya ta gifta ta gaban hancinsu, direban yana zuba musu zagi ta taga. Danja ta ba da ja, amma Yaya ya nufe ta kai tsaye kamar ba ya gani.

Motar koyon tuƙi ce, irin mai birki biyu, ɗaya wajen direba, ɗaya wajen mai zaman gefe. Tun Auta na makaranta Yaya ke koya wa mutane tuƙi, kuma dokarsa ba ta canzawa: birkin gefe na malami ne, ko da wasa wani bai isa ya taɓa shi ba. Ita kanta shi ya koya mata, da faɗa da dunguri. Yau ga shi ita ta taka masa.

Ya dube ta ya yi dariya, ya ce gwada ta yake yi, ya ga ko karatun da ya ba ta yana nan. Ta taya shi dariyar, amma ba ta ɗauke ƙafarta daga kusa da birkin ba.

Daga tashar mota ya ɗauko ta. Ta zo hutun ƙarshen mako ne, don Yaya ya cika shekara sittin, 'ya'yansa kuma sun haɗa masa liyafa da yammar nan. Suna tafe yana ba ta labarin ɗalibansa, sai ta ga ya bar titin gidansa ya shiga wani lungu. Ya tsaya a ƙofar tsohon gidan Baba, gidan da aka sayar tun da daɗewa, ya kashe mota ya ce sun iso. An sake wa ƙofar fenti, shanyar wasu mutane na lilo a saman katanga. Ya ƙare wa gidan kallo, can ya ce dama so yake ta ga yadda aka lalata musu gida.

Auta ta san wannan alamar. Ita ta yi jinyar Baba, tun daga ranar da ya ajiye takalminsa a firij har ranar da ya dube ta ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. A gidansu ba wanda ya taɓa kiran ciwon da sunansa, kowa cewa yake Baba ya gaji. Ta yi ta faɗa wa kanta cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zuciyarta ba ta yarda ba.

A gida an kafa rumfa, an jera kujerun roba, mai lasifika yana ta gwada makirufo kamar da shi aka zo yi wa biki. Auta ta samu matar Yaya a kicin tana yanka albasa, ta tura ƙofa ta faɗa mata abin da ya faru a hanya. Matar ba ta ɗago ba. Ta ce gajiya ce, mutumin nan ba ya hutawa. Da Auta ta tambaye ta wa ke kai jikoki makaranta, wuƙar ta tsaya. Shi ne, kullum da safe, kuma jibi Litinin.

"Don Allah, Auta, ki bari a yi taron nan lafiya," in ji ta. "Yaran ba su san komai ba. Sau ɗaya ake cika sittin."

Auta ta ji haushinta, ta kuma ji tausayinta. Da baƙi suka fara zuwa ne ta gane irin aikin da matar ke yi. Ba ta matsawa daga gefen Yaya. Kafin mutum ya ƙaraso ta riga ta ɗaga murya, wai ga abokinka mai sayar da taya, ga maƙwabcinmu na da. In magana ta maƙale masa sai ta ƙarasa, a yi dariya a ce tsofaffin nan har bakinsu ya zama ɗaya.

Tsofaffin ɗalibai suka yi ta karɓar makirufo. Wata ta ce har yau in za ta sha kwana sai ta ji muryarsa a kunnenta yana cewa ta duba madubi. Yaya yana ta murmushi cikin sabon ɗinki, ya yi kyau ƙwarai, abin da ya ƙara karya wa Auta zuciya ke nan. Sannan babban ɗansa, wanda kowa ke kira Injiniya, ya miƙe ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a motar koyo ya cancanci tasa ta kansa. Aka buɗe get, aka shigo da sabuwar mota fil, an ɗaura mata jan ƙyalle.

Wuri ya kaure da tafi. Aka ce sai ya ɗana ta yanzu, jikoki suka dare kujerar baya. Auta ta leƙa gefen mai zaman gaba, ba birki na biyu, ba komai a ƙasan sai shimfiɗar roba.

Ta isa gabansa ta zare makullin daga hannunsa tana dariya, ta ce yau ranar malami ce, ɗaliba za ta ja shi kamar babban mutum. Ta kori yaran da cewa a fara kai mai abu tukuna. Injiniya ya ce Gwaggo dai ba ta girma, auta auta ce ko da furfura. Yaya ya zagaya ya shiga gefe.

Ba su yi nisa ba ta tsaya a gefen wani filin ƙwallo. Ta shirya magana tun daga kicin, amma duk ta watse. Shi ya fara.

"Na sani, Auta. Ba sai kin wahalar da kanki ba."

Ya ce ya jima da sani. Akwai ranar da ya zauna gefen wata ɗaliba ya rasa wanne ne birki, shi ya sa ya rage ɗaukar ɗalibai, ya ce wa mutane kasuwa ce ta ja baya. Ya ce ba mutuwa yake tsoro ba, tsoronsa ranar da 'ya'yansa za su fara yi masa magana a hankali, kamar yadda su ma suka yi wa Baba.

"Shi Baba, ya jima kafin ya daina gane ki?"

"Ya jima, Yaya," ta ce. Ba gaskiya ba ne sosai, kuma ta ga alamar ya san haka.

Ta kawo maganar jikoki da Litinin. Ya gyaɗa kai, ya ce ta riƙe makullin, na motar koyon ma ta karɓa wajen matarsa. Gobe bayan karin kumallo zai tara yaran ya faɗa musu da bakinsa, sannan a je asibiti. Abu ɗaya ya roƙa, kada su ji daga bakin kowa sai nasa. Auta ta yi masa alkawari, ta kifa kai a sitiyari ta yi kukan da take riƙewa tun rana. Ya bari ta gama, sannan ya ce dubi yadda ta ajiye mota a karkace, kamar ba shi ya koya mata ba. Suka koma taro, aka yanka kek, ta ci har da ƙari, don ta ji an sauke mata kaya.

Da safe tana haɗa jaka Yaya ya leƙo ɗakin, ya yi wanka ya sa hula, fuskarsa wasai. Ya ce ta ba shi makullin, shi zai kai ta tasha, jikoki ma za su raka su, su sha iska a sabuwar mota.

"Yaya, maganarmu ta jiya fa?"

"Wace magana?"

Ta duba fuskarsa da kyau ko zolaya ce irin tasa. Ba zolaya ba ce. Hannu kawai ya miƙo yana jira, yana murmushi.

Ta ce ya ɗan jira ta tana zuwa. Ta wuce shi ta shiga falo, inda Injiniya da ƙannensa ke shan shayi suna kallon hotunan jiya a waya. Matar Yaya na tsaye da buta a hannu, ta dube ta sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Auta ta ja kujera ta zauna, makullin na damƙe a hannunta.

"Ku ajiye wayoyin nan," ta ce. "Injiniya, rufe ƙofa."