Rawanin Maƙeri

Attahiru, mai shirya fim a Gusau, ya ɗauki sabon fim ɗinsa a wani tsohon gidan ƙasa a Bungudu. Labarin zamanin da ne: ɗiyar sarki ta kamu da son wani maƙeri, asiri ya tonu, aka kore shi daga gari.

Ranar ɗaukar fitowar ƙarshe, Attahiru ya ga kan maƙerin ya yi fayau a kyamara, sai ya sa aka naɗa masa rawani mai kunne biyu. Ya kuwa yi kyau.

Da fim ya fito, ya kai wa kakarsa Inna Juwairiyya a Tsafe, wadda ta tashi a gidan sarauta. Ta kalla a waya har maƙerin ya bayyana da rawaninsa yana bankwana da gimbiya.

Ta miƙa masa wayar. "Ashe shi ya sa aka raba su."

"Don shi maƙeri ne, Inna."

"Wane maƙeri? Kunne biyu ai sai ɗan sarki. Wata shida kana wahala, ashe yarinya ka haɗa soyayya da wanta."