Motar da Ke Jin Sanyi

Ranar Talata ce, ana zafin da kwalta ke kama takalmi, Kawu ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin motarsa. Wata huɗu ina kai 'ya'yansa makaranta, kuma shi ne aiki na farko da na daɗe a kai tun da na bar aji.

"Tankin mako guda ya ƙare a kwana uku," in ji shi. "Yawo kake da ita, Ƙafar-Yawo."

Na rantse har muryata ta dushe. Da ƙyar ya yarda mu fara zuwa gareji wurin mai gyaran wutar mota, wani dogo da ake kira Injiniya.

Injiniya ya jona 'yar kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya fashe da dariya.

"Ranka ya daɗe, motarka sanyi take ji."

"A wannan zafin?"

"Akwai ƙwaƙwalwa a cikinta, ita ke auna man da injin zai sha. Amma ba ta da ido, sai abin da aka faɗa mata. Wata na'ura ta ce mata ga yawan iskar da ta shigo, wata ta ce ga zafin injin. In injin da sanyi, sai ta ƙara masa mai har ya ɗumama. To mai faɗin zafin ta yi shiru, ƙwaƙwalwar kuwa ta ɗauka cikin ƙanƙara kuke. Tun safe har yamma ɗura take yi."

Ya buɗe bonet, ya bi waya da yatsa, ya ɗago ta a gutsure. Gefen batir kuma ga sheƙar ɓera, an shimfiɗe ta da ledojin biskit.

"Wa ke cin biskit a motar nan?"

Na kalli sama. Kowa a gida ya san likita ya hana Kawu zaƙi, kuma matarsa har aljihunsa take lalubewa. Kawu ya yi gyaran murya, ya cusa mini makullin a tafin hannu.

"Ɗana, maganar nan ta tsaya a gareji."

"Wace magana, Kawu?"

"Allah ya yi maka albarka."

Abin da aka rasa: waya taƙi ɗaya, filogi huɗu da suka yi baƙi, mai tanki biyu, da kwalin biskit ɗaya da rabi da Injiniya ya zaƙulo a ƙarƙashin kujerar Kawu, ya ce shaida ce, ba ta barin gareji.