Minti Goma Sha Biyar a Fili

Shekara tara na yi ina mataimakiyar koci a ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan matan kwalejinmu, sai ga shi an ce in kawo takarduna in nemi aikin da nake yi. Tsohon kocinmu ya yi ritaya, an kawo sabuwa, ita kuma ta ce da kanta za ta zaɓi mataimaka biyu. Mu shida muka nema. Ni na jera kujerun da muka zauna a kai a baranda, don ni kaɗai na san inda ake ajiye su.

Ban ji haushi ba. Na so in ji, na laluba cikina ban tarar da komai ba. Yayata ta ce in je ofishin darakta in tayar da jijiyar wuya, na ce mata to, na ci gaba da ninke rigunan 'yan wasa.

Gwajin ba shi da wuya. Za a ba kowa 'yan matan na minti goma sha biyar ya yi atisaye da su. Sabuwar koci da daraktan wasanni da wata mata daga ofishin ma'aikata suna zaune a gefen fili, kowa da takardar ba da maki a cinya.

Wanda ya fara shiga wani ne mai sabon takalmi, da usur har biyu a wuya, sai ka ce ɗaya ba zai ishe shi ba. Ya daka tsawa, ya tsayar da wasa sau bakwai, ya kama gwiwar hannun Doguwa yana gyara mata jifa, alhali haka take jefawa tun tana aji ɗaya kuma ƙwallonta na shiga raga. 'Yan matan suka rikice, suna ta karo da juna. Masu ba da maki sai rubutu suke yi ba ɗaga kai.

Ni ce ta huɗu. Kafin in kai usur baki, sun riga sun ja layi uku. Kyaftin ta tafa hannu sau ɗaya, suka tashi. Miƙa ƙwallo, gudu, tsaron gida, jifa daga nesa, ɗaya bayan ɗaya yadda na saba jera musu, ba wadda ta yar da ƙwallo ko sau ɗaya. Na buɗe baki in ce wa Auta ta lanƙwasa gwiwa, na ga ta riga ta lanƙwasa. Sai na goya hannu a baya na tsaya ina kallo. Da lokaci ya cika na ce, "Madalla. Ku je ku sha ruwa." Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Bayan azahar aka kira ni ofis. Sabuwar koci ta miƙe ta ba ni kujera, mace ce mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta juyo da takardar makina in gani. Gida uku ne a ciki: ba da umarni, gyara kuskure, ƙarfin murya. Duka ukun wayam.

"Malama, ki yi haƙuri," in ji ta. "Ba mu samu abin da za mu rubuta ba."

Darakta ya gyara zama ya ce, "Ai yaran nan ko ba kowa a fili za su yi wasansu. Masu ƙara musu wani abu muke nema."

Akwai amsa, na san akwai. Shekara tara ce amsar. Amma sai na tsaya ina kallon fankar da ke juyawa a saman kansa, ina lura da cewa fiffikenta ɗaya ya karkace. Na ce na gode. Aka ɗauki mai usur biyu da wata da ta zo daga wata kwaleji.

A bakin ɗakin canja kaya na tarar da Kyaftin tana jirana, tawul a wuya, sauran suna leƙowa ta bayanta. Ba su ji komai ba tukuna.

"Anti, yaya kika gani?" ta ce tana murmushi. "Sati biyu muna zuwa da sassafe a ɓoye, mu kaɗai, har muka haddace komai. Muka yi alkawari yau ko tari ba za ki yi ba, kada a ce kina da abin gyara. Doguwa da ciwon ƙafa ta yi, ta hana mu gaya miki."

Na dubi Doguwa. Ta ɗaga ƙafar hagu daga ƙasa, ta jingina da bango tana dariya.

"Mun fitar da ke kunya ko, Anti?"

"Kun fitar," na ce. "Doguwa, zauna in ga ƙafar nan."